Fatar Goggo Ba Ta Ja

"Ba zan shafa ba," in ji 'yar maƙwabta, ta ture robar man shafawar da ɗan yatsa.

Direba, babban ɗan Goggo mai ɗinki, ya tokare bakin ƙofa. "To, Likitar Waya. Uwar nan tawa ce ko taki?"

Goggo na kwance rub da ciki a gindin taga, bayanta duk ƙuraje masu ruwa. Wata uku ke nan 'yar maƙwabtan, wadda ta gama karatun jinya aiki bai samu ba, take shigowa kowace safiya ta wanke mata su. Man kuwa haɗin mai kantin magani ne, ba suna, ba takarda.

"Yaya, na bincika. Wannan ba a taɓa gwada shi a jikin kowa ba. Wanda aka gwada, aka rubuta sakamakonsa, yana asibiti."

"An kai ta asibitin. Me suka ce?"

Cewa suka yi a dawo in fatar ta yi ja. Rahotannin da 'yar maƙwabtan ta tono a waya ta buga a takarda, su ma ja suke nema. Ta bi hotunansu ɗaya bayan ɗaya, ba bayan da ya yi kama da na Goggo. Fatar Goggo ba ta ja. Duhu take ƙarawa kamar gindin tukunya, ta ɗau zafi.

"'Yar nan, shafa mini kawai," in ji Goggo daga cikin matashi. "Hannunki sanyi gare shi."

"Goggo, kullum aka shafa sai ciwon ya ƙara buɗewa."

"Shekara arba'in ina ɗinke yagar mutane, tawa ta gagara."

Direba ya ɗaga labule. "Mai shafawa ta zauna. Mai karatu, ga hanya."

Ta fita ba ta waiwaya ba. Sau huɗu tana bin layin asibiti da takardunta a jaka. A na huɗun wata likita ta karanta, ta daɗe tana kallon hoton bayan Goggo da ta nuna mata a waya, ta ce a kawo ta Litinin.

Asabar da hantsi 'yar maƙwabtan tana shanya ta ji kuka ta bayan katanga.

Har yau ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma ba za ta ce ba. Amma a kwana tara na ƙarshe, Goggo ta yi ta kiran hannunta, wani hannun ne ya zo. Da ta shiga gaisuwar rasuwa, robar na kan keken ɗinki a rufe, kusa da rigar da allura ke tsaye a tsakiyarta.