Wankan Mastura

"Kada ka saki hannuna," in ji Mastura, idonta a rufe. "Shekara bakwai ba wanda ya riƙe ni haka. Da za ka aure ni, Daktor, wallahi da na warke."

Ina kujerar gefe, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mastura maƙwabciyata ce a unguwar Sharafiyya a nan Jidda, ƙofarmu na kallon juna. Mijinta ya rasu, ciwon daji ya kama mata hanta, baƙin ciki ya hana ta ci da barci. Shi ne asibiti suka ɗora ta a kan wani magani da ake fesawa a hanci, mai sa mutum ya ji kamar yana shawagi, likita ya zauna yana jan ta da hira har maganin ya sake ta. Ni nake raka ta, don ta ce ba za ta keɓe da namiji ba.

Likitan, Zaharaddeen, Bazazzagi ne da ya zo aikin kwantiragi. A hankali ya zare hannunsa, ya ɗora nata cikin nawa. Amma ni na ga yatsunsa suna rawa, ya daɗe yana kallon takarda bai rubuta komai ba.

Da ta dawo hayyacinta ta tuna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Hajiya, ba laifi kika yi ba," ya ce. "Maganin nan yana buɗe abin da mutum ya rufe, ba a kanki aka fara ba. Ni ma ɗan Adam ne, shi ya sa daga mako mai zuwa Daktora Rana za ta karɓe ki. Don Allah kada ki daina zuwa, yana yi miki aiki."

A cikin tasi ta damƙe mini gwiwa. "Azumi, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

"Halas, shi ke nan, maganar ta mutu," na ce.

Kwana biyu na iya riƙewa. Muna shanya a saman bene na fesa wa Ikilima, matar mai shagon ƙasa, har da kwaikwayon murya, har da rawar yatsun likita. Mun yi dariya sai da muka yi hawaye. Yau in na tuna wannan dariyar, tofa wa kaina yawu kawai ya rage.

Ba a yi mako ba, a wata walima a unguwar Ammariyya, wata ta tare Mastura a gaban mata ta ce, "Amarya, yaushe Daktor zai turo?"

Daga ranar ba ta sake taka asibitin ba. Daktora Rana ta buga waya har ta gaji. Labule ya sauka, abinci ya koma dawowa yadda aka kai shi. In na kai miya, 'yarta Maha ce ke karɓa daga bakin ƙofa.

Sau ɗaya aka bar ni na shiga. Ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta.

"Mastura, ki yafe mini."

Ta ce, "Na fara samun sauƙi fa, Azumi. Har na fara marmarin shayi da na'ana'a."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ranar Talata da hantsi ta cika.

A ɗakin wankan gawa na masallaci na naɗe hannun riga zan shiga, don shekara ashirin muna tare, wa ya fi ni cancanta? Maha ta tsaya a ƙofa, idonta jajur. Haihuwar Jidda ce, Hausarta sai da Larabci.

"Khala, Ummi ta yafe miki, wallah ta faɗa da bakinta. Bas, sai dai ta ce mai wanka tana ganin komai na mutum. Ta ce ke ki jira a waje."

Mata biyu suka wuce ni suka shiga, aka mayar da ƙofa. Na zauna a benci, hannun rigata a naɗe, ina jin zubar ruwa da ƙamshin kafur ta ƙarƙashin ƙofa.