Ladanin Tsohon Masallacin Dangamaji

Tun da aka gina masallacin kwano a bakin titin Dangamaji, jama'ar tsohon masallacin ƙasa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba faɗa aka yi ba. Sabon yana da daɓen siminti da lasifika, limaminsa kuma matashi ne da ya yi karatu a Sakkwato. Samari suka fara tafiya, iyayensu suka bi, kowa da uzurinsa. Sahun da a da yake kaiwa har waje ya dawo bai cika tabarma guda ba.

Abdulwahabu shi ne ladanin tsohon masallacin. Shi ne kuma mai shara, mai cika randar alwala, mai yaɓe idan damina ta ci bango, don babu wani. Manomin albasa ne, fadamarsa da ɗan nisa. Da rani sai ya bar ban ruwa a tsakiya, ya hau keke da laka a ƙafa, ya zo ya kira azahar. Daga nan ya je ya riƙo hannun Liman Almustapha, wanda idonsa ya yi rauni, ya kawo shi gaban sahu. Sau da yawa su uku ne kawai: shi, da Liman, da wani dattijo Barau, wanda ya rantse ba zai bi yaro salla ba. Da asuba ko magariba Liman yakan kama sura ta kuɓuce masa a tsakiya, Abdulwahabu ya ɗora masa daga baya. Da azahar kuwa, kafin ya koma fadama rana ta gama da dashen da bai sha ruwa ba.

Wata ranar kasuwar Jega ya haɗu da wansa Bala, wanda ya daɗe da komawa Aliero.

"Dubi yadda ka koma," in ji Bala. "Akwai hili kusa da nawa, ga ɗaki ba kowa ciki. Ka taho bayan an cire albasa. Masallacin ga, kai kaɗai Allah ya ɗora ma shi?"

"In na tahi, wa za ya riƙa hannun Malam?"

"Ina ɗiya nai? Ina waɗanda ya karantar?"

'Ya'yan Liman suna ci-rani, ɗalibansa kuwa su ne a sahun gaba na masallacin kwano.

A gida matarsa Ramatu ba ta matsa masa ba. Ta dai ajiye masa ruwan ɗumi, ta tsaya tana kallon faso a dugadugansa. "Ni ban ce ka bari ba, Malam," ta ce. "Amma rabon da in ji ka yi dariya na manta."

Ya yi ta juya maganar har albasa ta fara kwantar da ganye. Abin da ya fi damunsa, kiran sallar ma ya daina jin daɗinsa. Yakan ɗaga murya yana lissafin aikin da ya baro, ya idar ya yi istigfari.

Wata rana da hantsi ya nufi gidan Liman don ya faɗa masa ya gaji, zai koma Aliero. Ya tarar tsohon yana barci a kan buzu, matarsa Gwaggo Delu tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya rasa ta inda zai fara. Ita ta riga shi.

"Audu, ina son in roƙe ka wani abu, kada ka ce ni na hwaɗi. Mutumin ga ya ƙare. Gwiwoyi nai ba su ɗaukar shi. Shekaranjiya da kunka dawo, zama ya yi shina hawaye, wai surar da ya koya wa yara ita ta gagare shi. Da ba don kai ba, da tuni ya aje limancin ga."

"Don ni, Gwaggo?"

"Awo. Kunya shika ji ka baro gona, ka sha rana, ka iske ba liman. Da ya ji ƙarar kekenka sai ya ce in miƙo rawani."

Abdulwahabu ya zauna daɓas a ƙasa. Gwaggo ta ci gaba da ɓararta.

Da Liman ya farka, ya matsa kusa ya faɗa masa komai, har maganar Aliero. Tsohon ya saurara yana shafa gemu.

"Ashe kai ma ka gaji," ya ce a hankali. "Mi ya hana ka hwaɗi?"

"Allah gafarta Malam, nauyi."

"To, nauyin ya ishe mu hakanan. Salla dai ba ta ɗaki ba ce."

A ranar, da azahar ta yi, Abdulwahabu bai yi kira ba. Ya ɗora Liman a bayan keke, ya tura shi a ƙafa har masallacin kwano a bakin titi. Da suka shiga, mutane suka yi ta sunkuyar da kai, suna buɗa musu hanya. Matashin limamin ya taso da sauri ya roƙi tsohon ya wuce gaba. Liman ya girgiza kai, ya nemi gefen bango, ya yi sallarsa a zaune. Bayan sallama wani tsohon ɗalibinsa ya ce daga yau shi zai riƙa ɗauko shi.

Barau ne bai yafe ba. Ya ci gaba da salla shi kaɗai a masallacin ƙasa, in ya hango Abdulwahabu ya kau da kai. Abdulwahabu ya je ban haƙuri, ya sake komawa, tsohon ya ce ba shi da abin cewa ga wanda ya sayar da masallacin kakanninsa. Maganar ta yi masa ciwo, don bai tabbata duk ƙarya ce ba.

Bayan an cire albasa suka ɗaure kaya. Maƙwabta suka rako su bakin titi, Gwaggo Delu ta ba Ramatu ƙullin daddawa, Liman ya aiko da addu'a. Barau bai fito ba. Abdulwahabu ya hau bayan motar, ya jingina da buhun gero. Ramatu ta fara yi masa maganar abin da za su tarar a Aliero, ta juyo ta ga barci ya ɗauke shi tun ba su kai Jega ba. Ta gyara masa hula, ta ƙyale shi.