Labarin da Malama Ta Rubuta a Allo

Tun da aka rufe kamfanin faranti da kofuna, Mai Sito bai ƙara riƙe makullin kowa ba, amma sunan ya ƙi sakinsa. Zaman gida ya cinye shi. Yayan matarsa kuwa, mutum ne da ba ya tauna magana, ya zo ya zauna a kan kujerarsu mai ƙafa uku da bulo, ya ce idan makaranta ta yi hutu ba a samu aiki ba, zai kwashe ƙanwarsa da yara su koma wurinsa har abubuwa su daidaita. Mai Sito ya san irin wannan tafiya. Ba a cika dawowa daga ita ba.

Ana cikin haka wani kamfanin rarraba kaya ya ce yana neman mai kula da sito, amma da Turanci za a yi ganawar. Turancin Mai Sito na jikin kwali ne: ya san "kada a jiƙa", ya san "nan ne sama", daga nan sai gaisuwa. Dole ya shiga wani ajin Turancin neman aiki a saman shagon sayar da fenti, inda warin fenti ke hawowa ta taga, fanka kuma tana juyi kamar an tilasta mata. Shi ne mafi tsufa a ajin, har samarin suna ba shi kujerar gaba suna ce masa Baba.

Malamar ajin mace ce mai zafin nama, mai son ɗalibanta da gaske. Ta koya musu yadda ake shiga ofis, yadda ake murmushi ba tare da an washe baki duka ba, yadda ake cewa an ji daɗin samun wannan dama ko da mutum na jin tsoro. Wata rana ta ajiye alli ta ce akwai tambayar da ba ta taɓa fashi: a ba da labarin lokacin da mutum ya ƙirƙiro wata dabara da kansa a wurin aiki.

"Kowa ya auna kansa," in ji ta. "Me ka taɓa yi da ba wanda ya koya maka?"

Wani da ake kira Mai Kwat, saboda kwat ɗin gwanjo da ba ya rabuwa da ita ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, ya ce shi fa tun da ya gama karatu bai taɓa aikin da ya wuce jiran shagon kawunsa ba, wace dabara zai ƙirƙiro a can, sabon salon hamma? Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don kusan kowa halinsa ke nan.

"Baba, kai fa? Faɗe shi da Hausa tukuna," in ji Malama.

Sai bakin Mai Sito ya buɗe. Ya ce sitonsu a bene yake, leburori na sauko da kwalayen faranti a ka ta wata matattakala mai santsi, kullum sai an yi ɓari, har wani ya karya ƙugu. Shi ne ya samo dogayen katakai ya shimfiɗa su daga sama zuwa ƙasa, ya yanka tsofaffin tayoyi ya bi ya kafa su a jiki don su riƙa rage wa kwali gudu, ya ajiye buhun dusar katako a gindi. Daga ranar, kwali ke sauko da kansa, a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Ya nuna musu babban yatsansa da wuƙa ta raba wa farce wurin yankan taya. Har ya gama ba wanda ya taɓa waya.

Malama ta tafa. Ta ce wannan shi ne abin da ake nema, ta juya ta rubuta labarin a allo da Turanci mai kyau, jimla bayan jimla, ta ce kowa ya kwafa ya ga yadda ake tsara amsa, sannan ya je ya gina tasa. Mai Sito ya zauna yana kallon rayuwarsa a allo cikin harshen da ba ya iya karantawa da sauri, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Rabonsa da jin kansa mutum tun ranar da aka karɓi makullai.

Ya haddace shi kuwa. A banɗaki, a layin famfo, a gaban matarsa tana wanki.

"Baban yara, wannan karatu naka har ni na kusa iya shi," in ji ta. "In suka ƙi ɗaukarka, ni in je."

Ta faɗa da wasa, amma ya lura ta fara wanke manyan jakunkunan nan da ke saman kwaba, ta shanya su a bayan ɗaki inda take tsammanin ba zai gani ba.

Ranar ganawa ya tarar da 'yan ajinsu a jere a kan benci a wani dogon baranda mai sanyin na'ura. Ya yi murna da ganinsu. Mai Kwat aka fara kira, ya daɗe a ciki, ya fito yana share goshi. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito sai ya wuce da sauri yana duba waya, ba mai haɗa ido da shi. Bai kawo komai a ransa ba, ya ɗauka tsoro ne.

Shi aka kira a ƙarshe. Mutum uku ne a bayan tebur: wata mata mai tabarau a tsakiya, wani mai ƙiba, da wani matashi da ke wasa da biro. Ya yi gaisuwar da aka koya masa, ta fita daidai. Da mai tabarau ta yi tambayar dabara, har wani sanyi ya ji a ƙirjinsa. Ya gyara zama ya fara: a wurin aikina na baya, mun fuskanci matsalar fashewar kaya.

Mai ƙiba ya sunkuyar da kai. Mai Sito ya ci gaba, ya kai wurin katakai. Kafin ya shiga jimla ta gaba, matashin ya riga shi, ya faɗe ta da Turanci kalma bayan kalma, har da ɗan tsayawar da Malama ke yi a tsakiya. Mai ƙiba ya fashe da dariya, ya kawo ta buhun dusa.

Mai tabarau ba ta yi dariya ba. Ta yi magana a hankali don ya gane, kuma ya gane. Ta ce yau sun sha wannan labari har ya ishe su. Ta ce ga matasa an yi musu uzuri, amma mutum mai furfura kamarsa bai kamata ya ari labarin wani ba. Ko yana da nasa na kansa?

Nasa ne. Da a ce da Hausa ne, da ya rantse, da ya faɗi sunan leburan da ya karye, da ya kwatanta ƙarar kwalin farko da ya sauka lafiya. Ya laluba cikin Turancinsa, bai samu komai ba sai jimlolin allo, su kuma an riga an cinye su. Ya ɗaga yatsansa mai rababben farce ya miƙa musu a kan tebur. Suka dubi yatsan, suka dubi juna, ba su san me yake nufi ba. Da shirun ya yi yawa, bakinsa ya ɗauko abin da ya saura a ciki, ya ce ya ji daɗin samun wannan dama. Wani baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rufe kamfani.

A tashar mota ya tarar da Mai Kwat yana jiransa, ya tuɓe kwat ɗin ya rataye a hannu.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Wallahi na zauna na auna kaina kamar yadda Malama ta ce, ban samu komai ba. Matata ta haihu, ka sani. Ban zaci sauran ma shi za su faɗa ba."

Mai Kwat ya sauke kai ya ci gaba.

"Ni suka ce in dawo, tunda ni na fara faɗa. Su ma sitonsu a bene yake, suna so in haɗa musu irinsa su gani." Ya matso kusa. "Baba, ban ma san ta ina ake yanka taya ba."

Mai Sito ya daɗe yana kallonsa. Ya so ya zage shi, ya nemi fushin ya rasa, gajiya ce kawai ta rage. Aikin dai ya riga ya wuce shi ko ya faɗa ko ya yi shiru, kuma idan aka kafa katakan ba daidai ba, kwali zai sauko da gudu ya karya ɗan wani da ke tsaye a ƙasa.

Ya tsuguna a gefen titi, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya tsinci wani tsinke ya ja dogon layi a ƙasa.

"Matso ka gani," in ji shi. "A sama za ka ware robar tayar, a ƙasa ka matse ta. Wannan Malama ba ta rubuta ba."