Ranar da Lauya Ta Je Ba da Haƙuri

Mijina malamin sakandare ne, shi ke koya wa yara muhawara, kuma ɗalibansa ba sa kiransa da komai sai Ya Danganta. Sunan bai zalunce shi ba. Ka tambaye shi ko shayi ya yi zafi, sai ya ce ya danganta da harshen mai sha. Ni kuwa nas ce, a wurin aikina ciwo ko dai ya ruɓe ko bai ruɓe ba. Tun muna sabon aure nake ce masa ya riƙa barin wannan magana a bakin ƙofa tare da takalmansa, amma ina, da ita yake shigowa har ɗaka.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba wai ba ya tsoron Allah ba ne. Sana'a ce ta bi masa jiki. A ganinsa mai kyau da mara kyau duk zancen wurin zama ne: na wannan gefen tebur ya ga abu daidai, na wancan gefen ya ga kuskure, in ka sauya musu kujeru su sauya baki.

'Yarmu guda ce, uban ne ya laƙaba mata Lauya, har ni ma na bi. Tun tana firamare yake da wani wasa da yake yi da ita bayan an gama cin abinci. Sai ya jefa mata batu, misali ko ya dace likita ya ɓoye wa mara lafiya gaskiya. Ta kama kare ɓangare ɗaya, tana cikin zuba sai ya buga cokali a jikin kofi, ƙwal! Nan take dole ta juya ta rushe duk abin da ta gina. Yarinya ta gwanance, har ta kai in ta juya ba ka jin gurbin juyawar. Uban ya yi ta washe baki yana kallona, wai in ga kai. Ni dai kwanukana nake kwashewa.

Tana aji biyar na sakandare aka kira mu ofishin shugaban makarantarsu, wadda ba ita ce ta mijina ba. Shugaban bai yi dogon bayani ba, waya ya miƙo mana. An kawo musu sabon malamin lissafi, matashi, yana da in'ina. A bidiyon yana tsaye gaban allo, kalma ta maƙale masa, sai ajin gaba ɗaya suka hau buga tebur a tare suna ƙirga masa. Da ya kusa fitar da kalmar sai su ƙarasa masa da wata ta banza, a fashe da dariya. Mai ɗaga hannu tana ba su alamar farawa, a layin gaba, 'yata ce. Malamin ya ajiye alli a hankali, ya kakkaɓe hannunsa, ya fita. Tun ranar bai koma ba, bidiyon kuma ya zaga wayoyin gari.

Shugaban ya ce in ta je ta ba malamin haƙuri ya karɓa, za a tsaya a kan dakatarwa, in ba haka ba kora ce. Wallahi ni ba korar ce ta dame ni ba, makarantu ba su ƙare ba. Abin da nake so in sani guda ne: shin yarinyar nan da na haifa ta san cewa abin da ta yi mugunta ne?

Muna komawa gida da rana tsaka uban ya zaunar da ita a teburin cin abinci, ni ina tsaye jikin firji ko mayafi ban cire ba.

Ya ce, "Lauya, abin da kika yi bai dace ba."

Ta ce, "A wajen wa, Baba?"

"A wajen kowa. Kin ci mutuncin mutum, ya ji ciwo."

"Mama ma kullum tana sa mutane su ji ciwo. Allura take tsira musu."

"Don amfaninsu take yi."

"To mu ma mun amfana. Tunda ya zo ba mai gane lissafi a ajinmu, kafin ya gama jimla ɗaya an buga ƙararrawa. Mun kai ƙara ba a saurare mu ba. Yanzu an ba mu wanda muke ganewa. Mutum ɗaya ya ji kunya, aji guda ya tsira daga faɗuwa jarrabawa. In kana kujerarsa mugunta ce, in kana tamu ceto ne. Wa ya ce kujerarsa ta fi tamu?"

Ba da tsiwa take maganar ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Hannuwanta a haɗe kan tebur, murya a kwance, kamar yadda ya koya mata. Ya zo ta nan ta tare, ya zo ta can ta tare. Ya ce da ita aka yi wa fa? Ta ce da ta ji haushi, amma jin haushinta ba ya mai da abu laifi, kamar yadda dariyar ajinsu ba ta mai da shi daidai. Na ga gumi ya tsatsafo wa bawan Allah a goshi.

Na ce, "Malam, ka ga aikinka ko? Kai ka wasa wuƙar nan, yau ga ta a wuyanka. Ke kuma don gidanku, mutum kika tozarta, ba gasa kika je ba!"

Ta ce, "Mama, ɗaga murya ai ba hujja ba ce."

Allah ne ya riƙe min hannu. Mijina ya dubi teburin. Sannan ya cire tabarau ya ajiye, ya ce, "Ba ni da hujjar da zan kayar da ke, ki riƙe nasararki. Amma na kalli fuskar mutumin nan lokacin da yake ajiye alli. Abin da kika yi ba shi da kyau. Ko duniya ta taru ta tafa miki, ba shi da kyau, kuma bai danganta da komai ba."

Tunda na aure shi ban taɓa jin ya tsaya a kan ƙafa ɗaya haka ba. Lauya ta zuba masa ido, ta sunkuyar da kai, ta ce, "To Baba. Zan ba shi haƙuri." Na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Malamin lissafin yana zaune ne a ɗaki ciki da falo, a saman wani shagon gyaran taya. Matarsa ta buɗe mana da jariri a kafaɗa, ta amsa gaisuwarmu ciki-ciki, ban kuwa ga laifinta ba. Littattafansa duk an ɗaure su cikin kwalaye a jikin bango. Kujerun ba su ishe mu ba, sai Lauya ta durƙusa a kan leda tun ba a ce mata ba.

Ta yi magana. Ta ce ba ta zo neman a bar ta a makaranta ba, don ba ta cancanta ba. Ta ce ta ɗauki abin da Allah ya jarrabe shi da shi ta mai da shi abin wasa, kuma ta san akwai ciwon da haƙuri ba ya warkarwa. Ta ce kullum yana shigowa ajin ya san abin da ke jiransa amma bai fasa ba, wannan jarunta ce da ita ba ta da ko rabinta. Muryarta ta karye a daidai nan. Matar ta juya baya tana share ido da zanen goyo, ni ma sai da na nemi hankici.

Malamin ya buɗe baki. Kalmar ta maƙale, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙarar injin shagon ƙasa tana shigowa ta taga. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ƙarasa masa. Da ƙyar ya fitar da ita, ya ce ya yafe, Allah ya shirya ta. Har bakin matakala ya rako mu.

A mota ina gaba kusa da mijina, zuciyata fes, har ina tunanin in tsaya in saya wa yarinyar nan wani abu. Mun sha kwanar farko ke nan sai ta leƙo tsakanin kujerunmu, idonta a bushe ƙayau, fuskarta cike da fara'a.

"Baba, yaya ka ga jawabin nawa? Ka lura da inda na tsaya na ja numfashi? Nan ne matar ta karye. Wannan ɓangaren ma ya fi sauƙin karewa, wallahi."

Mijina ya gangara gefen titi ya kashe motar. Bai juya ya kalle ta ba, hannuwansa biyu na kan sitiyari. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, tsoron 'yar da na goya a bayana.

Ta ce, "Baba, ba ka ce komai ba. Akwai inda na yi kuskure ne?"