Saura Kwana Tara a Buɗe Teku

"Hoto ne kawai, Mwanakheri. Yaushe hoto ya fara cin pweza?"

"Faki, ka fito da baƙinka daga ruwan nan. Ga jar tuta can, ko makaho ya san an rufe."

Ya yi mini dariyar nan tasa wadda ta sa na yarda iyayensa suka zo gidanmu neman aurena bara. Yau kam ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Wata uku ke nan ba kwana tara da ƙauyenmu ya rufe wannan gefen tekun Pemba, don pweza, halittun ruwan nan masu hannuwa takwas, su yi girma a ramukansu. Ni aka ɗora wa gadi. Ni kuma na bi mata gida-gida ina lallashi har suka jingine sandunansu na farauta, suka koma cin rogo da ruwan kwakwa ba nama. Na yi musu rantsuwa babu ƙafar da za ta taka wurin sai ranar buɗewa.

Sai ga ƙafafu goma sha huɗu a kai. Ruwa ya janye da hantsi, Faki ya sauke baƙi shida daga kwale-kwalensa, suna tafe a kan duwatsun murjani da takalman roba, kana jin ƙaras-ƙaras kamar ana taka ƙwai. Wani mai jar fata ya jera halittun da ake kira taurarin teku guda bakwai a kan dutse cikin rana, yana gyara musu zama don hoto. Faki kuwa ya zura hannu a rami, da abin da ke ciki ya ƙi fitowa sai ya ɓalle bakin ramin da ƙafa, ya zaro wata ƙatuwar pweza. Ta fesa masa baƙin ruwanta, baƙi suka yi ta tafi.

Na waiwaya. Matan suna tsaye a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, sun fi talatin. A gabansu Bi Mboja ce, wadda ta fi kowa daɗewa tana wannan sana'a, kuma ita ce ta ƙarshe da ta yarda da rufewar.

Wata Baturiya daga cikin baƙin, mai rigar da aka zana kunkuru a ƙirji ta taho wurina, idonta har da ƙwalla. Jiya ma ta yi kuka a taron kwamitin rufe tekun. Ta kama hannuna biyu ta yi magana mai tsawo, tana nuna matan da haɓa.

Bi Mboja ta gangaro a hankali, ta tsaya daidai inda yashi ya ƙare, ba ta ƙara taku ɗaya ba.

"'Yata, ke kika yi boko. Me take cewa?"

"Gaisuwa ce, Inna," Faki ya yi caraf daga cikin ruwa. "Tana cewa garinku aljanna ne."

"Kai, ɗan Kombo, na tambaye ka? Kai da ka iya Turancin neman abinci kawai. Mwanakheri, faɗa mini."

Na dubi Faki. Ya girgiza mini kai, idonsa yana roƙo. Wallahi na so in yi ƙarya. Na so ƙwarai, don na san abin da gaskiyar za ta rushe. Amma tsohuwar nan ta yi wata uku tana riƙe da maganata.

"Cewa ta yi ta ji daɗi da aka hana ku shiga. Wai irinku ne ke ƙarar da teku, ya kamata a hana ku har abada."

Baturiyar tana ta murmushi tana gyaɗa kai, murjani a farfashe ƙarƙashin ƙafarta.

"Mu?" in ji Bi Mboja. "Ikon Allah. Shekara hamsin ina shiga nan, ban taɓa fasa wa pweza ɗaki ba, don na san wata za ta zo ta zauna."

"Inna, kwana tara ne kawai. Don Allah. Zan kai ƙara wurin Sheha mai gari yau ɗin nan."

"Shi da ya tarbi baƙin nan da shayi jiya?"

Hawaye kawai nake yi kamar sakarya, ina kallon pwezar tana yawo daga hannu zuwa hannu, launinta yana dusashewa.

Bi Mboja ta juya wa tekun baya, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi za ta ji.

"Ku je ku ɗauko sandunanku. Gobe da janyewar ruwa za mu shiga, mu duka."