Turke a Gonar Maikano

"Aje ƙwaryar nan, Lubabatu. Na ce ba a shuka gonar."

Zakari yana wucewa ta gindin katanga da sungumi a kafaɗa ya ji muryar maƙwabcinsa Maikano, tari kuma ya biyo bayanta, irin mai tsawon nan da sai mai sauraro ya gaji kafin mai yin sa. An yi ruwan shuka da asuba, gari duk ya watse zuwa gona, matarsa Afra'u ma ta riga ta yi gaba da iri. Ya so ya wuce kamar bai ji ba. Ya ja ɗan tsaki, ya jingine sungumin, ya yi sallama.

Maikano na kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙashin wuyansa duk a waje. Matarsa Lubabatu na tsaye da ƙwaryar irin gero, ba ta aje ba, ba ta kuma fita ba.

Shekara talatin Maikano ya yi yana haƙar rijiya, daga Tibiri har Dogon Kiriya, shi ya sa ake ce masa Sarkin Rijiya. Ƙurar ramin ce ta cinye masa ƙirji. Shekara uku da suka wuce wasu mutane suka zo da fararen motoci, suka shimfiɗa wayoyi a gonaki, suka ce man fetur da gas suke nema. Da za su tafi suka kafa turken ƙarfe mai jan fenti a tsakiyar gonar Maikano, suka ce kada a taɓa. Ɗan ƙaramin kamfani ne, sun kama ɗaki ɗaya a Dutsi suna sayar da hannun jari ga duk mai so. Kowa ya je ya leƙa ya dawo. Maikano kuwa da ya ji an ce haƙa za a yi, sai ya ga 'yan'uwansa. Ya sayar da shanunsa biyu da amalanke, ya dawo da takarda mai hatimi a cikin leda, yana tafiya kamar wanda ya dawo daga Makka.

In an zolaye shi sai ya ce kiwo ya ba su, wanda ya ba Bafulatani saniya kuma ba ya zuwa ruga kullum yana tambayar ko ta haihu. Bara wani ya kira shi a waya ya ce injinan haƙa na tafe cikin damina. Shi ke nan Maikano ya hana a shuka gonar, wai kada manyan motoci su tattake hatsi. Damina ta zo ta wuce, ba mota ba dalilinta. Tun watan azumi rumbunsu ya ƙare, kwanon tuwo ke tsallako katanga daga gidan Zakari, kuma gaskiya Zakari ya fara jin nauyinsa.

Ya tsuguna ya gaishe shi da jiki. Sannan ya lallaba ya ce danshin nan kwana biyu kawai zai yi, in ya wuce sai yadda Allah ya yi, ya kamata a bar uwargida ta jefa ko rabin gonar ne.

"Kai ba ka taɓa shiga rijiya ba, Zakari," in ji Maikano. "Wata huɗu munka yi cikin rami guda a Dogon Kiriya. Har mata na yi muna waƙa. Zurfin gaba arba'in da ukku, sannan ruwa ya zaka. Da na hito ran da anka fara dariya, da yau garin nan babu kowa."

Zakari ya ji labarin nan ya fi sau ɗari. Akwai abin da ya sani kuma wanda bai taɓa faɗa ba: da rani ya je Dutsi sayen maganin tarin, ya bi ta ƙofar ɗakin kamfanin, ya tarar da tela a ciki yana ɗinkin kayan sallah. Ya tambaya, wani ya ce sun koma gabas, wani ya ce ƙarfinsu ne ya ƙare. Maganar ta zo masa har bakin harshe. Ya dubi ƙirjin mutumin yana hawa yana sauka da ƙyar, ya haɗiye abinsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita.

Ranar ya shuka tasa gonar da zuciya a dagule. Haushin Maikano yake ji, yana kuma jin haushin kansa da yake jin haushin mara lafiya.

Washegari da sassafe yana alwala ya ji an kira sunan Afra'u a hankali ta kan katanga. Hannun Lubabatu ne kawai ya bayyana, riƙe da ƙwarya an rufe ta da tsohon zane. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba, ita dai ta miƙo. Afra'u ta karɓa ta dubi mijinta. Zakari ya ce shi fa bai taɓa shiga gonar mutum ba da izininsa ba. Afra'u ta ce to, sai ya shirya ciyar da gida biyu har wata shekara, kuma ba ta ga alamar mai gonar zai ga kaka ba. Zakari ya ɗauki sungumi.

Gonar Maikano na can gindin tudu, ciyawar bara ta bushe a kanta. Zakari na gaba yana sara, Afra'u na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Bayansa na ciwo tun aikin jiya, rana kuma ta fito da ƙarfinta. Da layi ya kawo shi wurin turken sai ya tsaya. Fentin ya koɗe, tsatsa ta ci lambar da ke jiki. Shuri biyu zai tumɓuke shi, kuma ƙafarsa ta so ta yi. Sai ya ƙirga taku biyar, ya kewaye, ya ci gaba da sara daga can gefen. Afra'u ta ce asarar wuri ce. Ya ce ya sani.

Sai bayan la'asar suka gama. Da ya ga dama da ya wuce gida ya yi wanka, amma gajiya ta sa ya ce bari ya gaida mara lafiya ya huta gaba ɗaya. Lubabatu na ganinsa ta shige madafa.

Maikano bai amsa gaisuwar ba. Daga inda yake kwance ƙafafun Zakari ne daidai idonsa, su yake kallo.

"Gonakka farin rairayi ta," ya ce. "Wagga jar ƙasa ta gindin tudu ta."

Zakari ya dubi ƙafarsa. Jan gargari ya manne masa har idon sawu. Ya manta cewa mutumin nan ya san ƙasar Arewa ciki da waje, ya san launin kowace gaba. Kunya ta kama shi, ya rasa ƙaryar da zai yi, ya zauna a ƙasa yana jiran faɗa.

"Turken hwa?" in ji Maikano.

"Ban taɓa shi ba, Sarkin Rijiya. Na bar mishi taku biyar ko ta ina."

"Taku biyar ba ya isa mota ta juya."

Tari ya taso wa Maikano, ya daɗe yana yi, Zakari ya tallafe shi ya ba shi ruwa. Da ya lafa sai Maikano ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana duban ƙofar madafa.

"Tela na a ɗakin nan na Dutsi yanzu. Tun da rani anka gaya min." Ya numfasa. "In na ce mata ta shuka, na ce mata shanun sun tahi a banza ke nan. Ɗaya daga ciki nata na, na gadon ubanta. Bakina bai iya ba, Zakari."

Zakari bai san da wannan ba. Duk haushin da ya tara shekara guda ya neme shi ya rasa, sai tausayi da gajiya kawai. Ya ce ai komai ya wuce.

Maikano ya rufe ido, har Zakari ya zaci barci ya yi. Can sai ya tambayi inda danshin ya kai. Zakari ya ce ya sa hannu, ya wuce taƙi guda.

"To za ya tsira," in ji Maikano.

Bai ƙara ta da maganar gona ba, bai kuma ce wa Lubabatu komai ba, a iya sanin Zakari. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, tana ba shi kunu ya kau da kai, ya cika. Mutane suka baro gonakinsu suka zo da ƙasa a ƙafa, aka yi masa sutura kafin azahar. Da aka ɗaga matashinsa aka ga ledar nan da takardar a ciki. Lubabatu ta karɓa ta sa a ƙasan akwatinta, ba wanda ya tambaye ta.

Tana cikin takaba lokacin noman farko ya yi, don haka Zakari ya tafi shi kaɗai, bayan ya gama tasa. Geron ya fito layi-layi har gindin tudu, ban da fili ɗaya a tsakiya, zagaye, inda turken ke tsaye. Ya duba ko'ina babu itacen da zai sagale kaya. Ya taka cikin filin, ya rataye gorar ruwansa a jikin turken, ya koma bakin layi ya ɗauki hauya.