Kwaɗon Yaya Kuniaki

"Ba mai zuwa bakin ruwa a kwanakin bikin Obon," in ji Inna, tana yanka kankana, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Matattu na kan hanyar dawowa gida. Yaron goye ma ya san wannan."

"Ai shi ya sa, Inna. Yaya zai zo gida ya tarar da kankana da turare a gaban hotonsa, amma ba abinsa ko ɗaya."

"Kankana ta ishe shi. Zauna, Tsuneo. Kunnen ƙashi sai ka ce ubanka."

Bai zauna ba. Bara war haka yayansa Kuniaki ya nutse a tafkin da ke bayan gonakin shinkafa. An ciro gawar, an ciro sandar fatsarsa, amma kwaɗon robar da yake kama kifin da ake kira bas da shi ya yi zamansa cikin bado. Kore ne, da jan ɗigo a ka wanda Kuniaki ya ɗiga da jan farcen matarsa. Tsuneo ya ci alwashin sai ya kawo shi gida kafin matattu su koma.

Rana na tsaka ya isa. Bado ya rufe tafkin ruf, gyare na ta tsala kuka a bishiyoyi. Yana taka gaɓa suka yi ɗif.

Can tsakiya ya hango kwaɗon, zaune a kan ganye, jan ɗigon na ƙyalli. Yana ƙoƙarin warware igiyar da ya zo da ita ke nan don ya jawo shi, sai kwaɗon ya motsa.

Ba iska. Ba kowa a gaɓar can. Amma ga shi yana tahowa, kai ya karkata hagu, ya karkata dama, ya zame daga ganye zuwa ganye. Da ya iso wani fili da ba bado, sai ya tsaya cak har ruwan ya kwanta.

Tsigar jikin Tsuneo ta tashi. Mutum ɗaya ya sani mai jan kwaɗo haka.

"Kai matsalarka garaje, ƙanena," Kuniaki kan ce. "Saki igiya, ka riƙa ɗan kaɗa bakin sanda. In ya zo fili, ƙyale shi. Kifi ba ya iya haƙuri da abin da ya tsaya masa a ka."

Kwaɗon ya matso har kusa da gaɓa, ya sake tsayawa. Tsuneo ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya miƙa hannu. Kwaɗon ya ɗan ja baya. Ya ƙara taku, laka ta kama masa takalmi, ruwa ya kawo ƙugu. Ya kai cafka.

Robar ta lotse a hannunsa, ƙugiyoyi biyun da ke kwance a bayanta suka fito suka taɓa masa tafi. A lokacin ya ga igiyar fatsa ɗaure da kwaɗon. Daga hancin kwaɗon ta fito, ba ta nufi gaɓa ba, ta miƙe ƙasa cikin baƙin ruwan. Kuma a hankali ake naɗe ta.

Kansa ya ce ya fizge ya gudu. Sai ya tuna tsiyar da ya sha yi wa yayansa.

"Haba Yaya, kifi ya ci ya wanke baki, kai ba ka fizga ba!"

"Wawa. Wa ya ce maka da fantsamar ruwa ake fizga? Sai ka ji nauyi."

Mai riƙe da igiyar bai ji nauyi ba tukuna.

Tsuneo ya riƙe numfashi. Ya bi igiyar da hannu, tana ja yana ba ta, har ruwa ya shafe masa gwiwar hannu, har ya kai kafaɗa, ganyen bado na goga masa kunci. Yatsa bayan yatsa ya riƙa buɗewa. Ƙugiya ɗaya ta maƙale a fata. Ya juya tafin a hankali, ta zame.

Nan take aka fizga. Ruwa ya fashe, bado ya tsage gida biyu, kwaɗon ya ɓace.

Da rarrafe ya hau gaɓa, takalmi ɗaya ya zauna a laka. Bai gama miƙewa ba ya ji tsulum a bayansa. Kwaɗon ne, dab da gaɓa, yana jira.

"In kifi ya kuskure, mayar masa nan take," haka Kuniaki ya koya masa. "Yana nan, bai yi nisa ba."

Tsuneo ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu, ya kama hanya, bai waiwaya ba. Sai da ya wuce gonaki gyare suka ci gaba da kuka.

Inna ta dubi jiƙaƙƙen wandon, ta dubi jinin da ke tafinsa.

"To, sarkin taurin kai, ina abin?"

Ya zauna ya ɗauki kankana.

"Yaya bai gama da shi ba, Inna."